Ƙanena ya fito daga sashen kulawa ta musamman, ta yaya zan kai shi ga maganin barin giya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Garwa ta Kamaru nake, ina neman shawarar likitoci da duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali.

Ƙanena ɗan acaɓa ne. Aman jini ya kai shi reyanimasiyon, wato sashen kulawa ta musamman, likita ya ce giya ce ta lalata masa hanta. Bil-bil ya fara da ita, daga baya ya koma arki da wiskin leda. Kwana biyu da kwantar da shi sai ga karkarwa da gane-gane, aka bayyana mana cewa haka jikin mashayi ke yi idan aka yanke masa giya farat ɗaya, har farfaɗiya tana iya biyo baya. Allah ya tashe shi, aka sallame mu da takardar magani kawai.

Yanzu ya koma kurɓa a ɓoye. Baba ya ce a kulle shi a ɗaki a yi ta ba shi rubutu. Ban ƙi addu'a ba, amma kullewar nan tsoro take ba ni, tunda na ga abin da yankewa ta yi masa. An ambata mini asibitin Jamot na Yawunde, inda ake da likitocin ƙwaƙwalwa, shi kuwa da ya ji batun likitan ƙwaƙwalwa sai ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Ga nisa, sai an bi ta Ngawundere a hau jirgin ƙasa.

Akwai inda ake wannan magani a Garwa ko Marwa? Wa ya kamata ya fara yi masa maganar, likitan da ya duba shi ko kawunmu da yake jin nauyinsa?