Me ya sa hoton mahaifiyar Sakura ya fi faɗan sihiri taɓa zuciya?

Tauraruwa: Assalamu alaikum. Na kammala karanta Cardcaptor Sakura, manga (wato littafin labari cikin zane na Japan) da ƙungiyar masu zane ta CLAMP ta riƙa fitarwa a mujallar Nakayoshi ta Japan daga 1996 zuwa 2000, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne hoton mahaifiyar Sakura, Nadeshiko, wadda ta rasu tun yarinyar tana da shekara 3, amma kullum hotonta yana ajiye a gidan. Lokacin da katin ruɗi, ɗaya daga cikin katunan sihirin da Sakura take kamowa, ya ɗauki kamannin mahaifiyar, Sakura ta bi shi har ta kusa halaka, sai da na ajiye littafin saboda hawaye. Shin da gangan marubutan labaran 'yan mata masu sihiri suke jingina nauyin labari a kan iyali?

Mai Nazari: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A ganina da gangan ne, domin jarumar irin wannan labari yarinya ce da ba ta bar gaban iyayenta ba, tana fita cikin dare ta fuskanci haɗari, ta dawo ta zauna cin abinci da mutanen da take ɓoye wa sirrinta. Ki dubi yayanta Toya, wanda yake tsokanarta yana kiranta dodo, alhali ya daɗe da gane abin da take ciki, ya yi kawaici don kada ya ƙara mata damuwa. Wannan shirun nasa ya fi kowace magana nuna ƙauna.

Uwar Biyu: Ni Sailor Moon ta Naoko Takeuchi ce ta fi ratsa ni, wataƙila don ni ma uwa ce. Usagi, jarumar labarin, tana da uwa da uba da ƙane, amma ƙawayenta ba su yi wannan dace ba: Makoto ta rasa iyayenta a hatsarin jirgin sama tana zaune ita kaɗai, Rei tana hannun kakanta a wurin bauta bayan rasuwar mahaifiyarta, iyayen Ami kuma sun rabu. Shi ya sa haɗuwarsu ta wuce ƙawance, ta zama zumunci. Sai kuma Chibiusa, 'yar da Usagi za ta haifa nan gaba, wadda ta dawo baya tana neman ceton mahaifiyarta, ta tarar da ita yarinya mai kuka da makara.

Dogon Tunani: Malama, na yarda da ke, sai dai ina da ja kaɗan. Wani lokaci maraici sauƙi ne ga marubuci, tunda babu mai tambayar yarinya inda ta kwana. Inda na ga an ba abin haƙƙinsa shi ne labarin Hotaru, wata yarinya a cikin Sailor Moon ɗin, wadda mahaifinta da kansa ya mayar da ita abin gwaji, daga baya wasu jarumai uku na labarin, Haruka da Michiru da Setsuna, suka raine ta tun tana jaririya bayan an sake haihuwarta.

Tauraruwa: Na gode muku ƙwarai. Ban kai ga labarin Hotaru ba tukuna, amma yanzu shi zan nema.