Muhawara: Sai miji ya koma Amurka kafin ya yi wa matarsa takardu?

Alhaji Garba: Assalamu alaikum. Ga maganar da nake so mu tantance. Mutum ɗan ƙasar Amurka ne, fasfo a hannu, amma yana aiki a Jidda ko Dubai ko Kano, kuma a can ya yi aure. Ni a ganina ba shi da hanyar samar wa matarsa bizar zama sai ya tattara ya koma Amurka, ya kama gida, ya samu aiki, sannan ya fara. Hujjata fom I-864, takardar da mai ɗaukar nauyi yake sa wa hannu. Sharaɗinta a fili yake: dole mazauninsa ya kasance a Amurka. Wanda ya fara daga waje, kuɗinsa kawai ya zubar.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka haɗa matakai biyu wuri guda. Na farko fom I-130 ne, na neman wa matar izinin zama, da ake kai wa USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, tare da I-130A na bayanan matar. Wannan ba ruwansa da inda kake kwana. Abu biyu yake nema: kai ɗan ƙasa ne, kuma auren na gaskiya ne. Ana cika shi ta intanet daga ko'ina, dala 625, ta takarda kuma dala 675, tun Afrilun 2024. Maganar mazauni ba ta tasowa sai an amince da shi, fayil ya koma cibiyar biza ta ƙasa, wato NVC, da ke Portsmouth a jihar New Hampshire. Tsakanin nan da can watanni ne masu yawa, sau da dama ya haura shekara. Me zai sa mutum ya bar iyalinsa ya je ya yi zaman jiran abin da zai iya jira a gidansa?

Alhaji Garba: To Hajiya, an jinkirta matsalar ne kawai. Ranar ganawa a ofishin jakadanci ai za a tambaya.

Hajiya Rabi: Za a tambaya, kuma doka ta ba da amsa uku. Ko dai zamanka a waje na wucin gadi ne, mazauninka na Amurka yana nan: kana biyan haraji, kana zaɓe, kana da asusun banki da adireshi. Ko kuma aikinka yana cikin waɗanda ake ɗauka tamkar kana gida: gwamnatin Amurka, kamfanin Amurka mai bunƙasa cinikinta da ƙasashen waje, ƙungiyar ƙasa da ƙasa da Amurka take ciki bisa yarjejeniya, ko ƙungiyar addini mai tushe a Amurka da ta tura ka. Ta uku ita ce ta yawancin mutanenmu: ka nuna cewa za ka sake kafa mazauni a Amurka kafin ranar da matar za ta shiga, ko a ranar. Doka ba ta ce kafin ka cika fom ba, ba ta ce kafin ganawa ba.

Malam Isuhu: Hajiya ta faɗi doka daidai, amma Alhaji bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. Hanya ta uku ba a cin ta da fatar baki. Wasiƙar "ina da niyyar komawa" ita kaɗai ba ta kai ko'ina. Jami'i yana so ya ga an motsa: takardar ɗaukar aiki daga Amurka mai ranar farawa, yarjejeniyar haya ko wasiƙar ɗan'uwan da za a sauka wurinsa, kuɗin da aka tura asusun Amurka, rajistar yara a makaranta, takardar ajiye aikin da ake yi a waje, rasit na kamfanin jigilar kaya. Idan bai gamsu ba sai ya ba da takardar 221(g), fayil ya tsaya har a kawo ƙarin hujja. Hukuncin na jami'in ne, kuma akwai ofisoshin da suka fi wasu tsanani. A irin waɗannan, abin da ke warware maganar shi ne mijin ya riga ya tafi da wata biyu ko uku, ya turo takardar albashinsa na farko.

Alhaji Garba: Ka ji ko. Ashe dai sai an koma.

Malam Isuhu: A'a Alhaji. Rabuwar wata uku a ƙarshe daban, rabuwar shekara biyu tun daga farko daban. Kai ta biyun kake wajabta wa mutane.

Anti Balki: Ku bar maganar mazauni tukuna, inda aka fi faɗuwa kuɗi ne. I-864 tana neman kuɗin shigarka ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya. A lissafin 2025, ban da Alaska da Hawaii, gida mai mutum biyu dala 26,437 ne a shekara, mai mutum huɗu dala 40,187. Abin da mutane ba sa so su ji shi ne albashin Jidda, komai kaurinsa, ba ya shiga lissafi in dai zai tsaya ranar da ka bar aikin. Kuɗin da zai ci gaba da zuwa daga tushe ɗaya bayan kun koma, shi ake ƙirgawa. Injiniya mai ɗaukar riyal dubu talatin a wata, a idon wannan fom albashinsa sifili ne.

Saura hanya biyu. Kadara: ga matar ɗan ƙasa, ana neman ninki uku na giɓin da ke tsakanin kuɗin shigarka da abin da fom ya nema. In ba ka da kuɗin shiga ko kaɗan kuma ku biyu ne, dala 79,311 ke nan. In akwai yara biyu, ya haura dala dubu 120. Kadarar kuma sai wadda za a iya mayarwa kuɗi cikin shekara guda. Fili a Kano sai da takardar mallaka da ƙimar ƙwararre, kuma a nuna kuɗin zai iya fita daga ƙasar. Mota ɗaya tilo ba a ƙirga ta. Kuɗin matar da ke banki ana iya haɗawa, wannan ana yawan mantawa da shi.

Ɗan Zango: Anti, ai abin da sauƙi. Mu nan Bronx a New York ɗan'uwa ake samu ya tsaya a matsayin mai ɗaukar nauyi na biyu, shi ke nan. Yana da gida, yana da aiki, yana biyan haraji. Ya rufe maganar kuɗi da ta mazauni lokaci guda.

Anti Balki: Ƙanena, nan ne kuskuren da ya fi kowane yawa. Mai tsayawa na biyu giɓin kuɗi kaɗai yake cikewa. Mijin da ya shigar da I-130 dole shi ma ya cika tasa I-864 ko da kuɗin shigarsa sifili ne, kuma dole shi da kansa ya cika sharaɗin mazauni. Ko attajirai goma suka tsaya maka, in ba ka nuna kana komawa ba, babu biza.

Sannan a riƙa gaya wa ɗan'uwan gaskiyar abin da zai sa wa hannu. Alƙawari ne da ake iya kai shi kotu a kansa. Ba ya sauka sai matar ta zama 'yar ƙasa, ko ta cika zango 40 na aiki, wato kusan shekara goma, ko ta bar ƙasar ta rasa izinin zamanta, ko ɗayansu, ita ko mai tsayawar, ya rasu. Saki ba ya sauke shi. Mutum ya tsaya don zumunci, aure ya mutu bayan shekara uku, nauyin yana nan a wuyansa.

Malam Isuhu: In ƙara da haraji. Ɗan ƙasar Amurka wajibi ne ya shigar da bayanin harajinsa ko ina yake zaune, in kuɗinsa ya kai ma'auni. NVC tana neman na shekarar baya-bayan nan, kuma ta fi son kwafin da ya fito daga hukumar haraji ta IRS kai tsaye. Wanda ya shekara takwas a Dubai bai taɓa shigarwa ba, a nan zai maƙale. IRS tana da tsarin sassauci ga mazauna waje da ba da gangan suka bari ba: bayanin shekara uku, da rahoton asusun bankin waje na shekara shida. A fara wannan ranar da aka tura I-130, kada a bari sai NVC ta buƙata. Wanda kuma ya yi amfani da fom 2555 ya cire albashin waje daga haraji, zai ga jimillar kuɗin shigarsa ta koma kusan babu a takarda. Ba laifi ba ne, amma kada ya yi mamaki in an ce ya nemo mai tsaya masa.

Ɗan Zango: To ba a ce ana iya kai I-130 ofishin jakadanci kai tsaye a gama cikin 'yan watanni ba?

Hajiya Rabi: A da ne, a ƙasashen da USCIS take da ofis. A farkon 2020 an rufe wannan ga kowa da kowa. Yanzu ofishin jakadanci yana karɓa ne kawai a yanayi na musamman: rashin lafiya na gaggawa, barazana ga rai, sojan da aka tura aiki ba shiri, ko aikin da ya taso a Amurka da ɗan gajeren wa'adi. Wannan na ƙarshe shi ya fi shafar maganarmu, kuma yana ƙara rusa ra'ayin Alhaji, domin an tanade shi ne musamman don ɗan ƙasar da ke zaune a waje. Sai dai alfarma ce, ofishin na iya ƙi, kuma wanda ya riga ya tura fom ɗinsa USCIS ba zai zo ya sake shigarwa a nan don ya tsallake layi ba.

Liman Hamisu: Jama'a, kuna ta lissafin dala kun bar abin da ya shafe mu kai tsaye, wato auren kansa. Amurka tana karɓar auren da ya inganta a dokar wurin da aka ɗaura shi, har da na Musulunci da na gargajiya, in akwai takardar shaida. Amma abu biyu. Ɗaurin aurenmu waliyyi da wakili ne ke yi, sau tari ango yana wata ƙasa. Dokar shige da ficensu ba ta ƙirga auren da ma'auratan ba su halarta tare ba sai an tare bayansa. Don haka a ajiye hujjar haɗuwa bayan ranar ɗaurin aure: tambarin fasfo, tikiti, hotunan biki. Ga masu zaune tare a waje wannan ba wuya, yarjejeniyar haya da takardar haihuwar yara sun isa.

Na biyu, mace fiye da ɗaya. Auren farko kaɗai suke ɗauka. Mai uwargida ba zai yi wa amarya takarda ba muddin auren farko yana nan, kuma fom yana tambayar duk auren da aka taɓa yi da takardar ƙarewar kowanne. Sakin baki ba tare da takardar kotu ba yana tsayar da fayil. Ɓoye aure kuma ƙarya ce ga hukuma, hukuncinta haramcin shiga na har abada.

Alhaji Garba: Allah ya gafarta Malam, wannan na yarda. Amma ku amsa mini: mai girin kad fa, wato mai katin zama na dindindin da ba ɗan ƙasa ba? Shi ma zai zauna a Kano ya yi wa matarsa?

Hajiya Rabi: A nan kam maganarka ta fi ƙarfi. Mai girin kad da ya tare a waje yana jefa katin nasa cikin haɗari. Ya wuce shekara ba tare da izinin sake shiga ba, katin ba zai shigar da shi ba, izinin kuma shekara biyu ne iyakarsa. In aka ce ya yi watsi da zamansa, takardar matar ta faɗi tare da shi. Ga shi matarsa rukunin F2A take, mai layi, ba kamar matar ɗan ƙasa ba.

Malam Isuhu: Akwai kuma abin da ba ya hannun miji ko mata. A Janairun 2020 an dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, aka ɗage a Janairun 2021. A Yunin 2025 an sake fitar da jerin ƙasashe, Chadi da Sudan na ciki, a Disamba kuma aka faɗaɗa shi ya haɗa da Nijar da Najeriya. Irin wannan umarni fasfon matar yake bi, ba inda take zaune ba, kuma komawar miji Amurka ba ta sauya shi. Wannan ma dalili ne na kada mutum ya ajiye aikinsa tun da wuri. A duba matsayin ƙasar matar kafin a biya dala 325 na biza da dala 120 na duba I-864, don ba a mayar da su.

Anti Balki: Kuma mai zaune a waje yana da linzami a hannunsa. In USCIS ta amince alhali kwangilar aikinka ba ta ƙare ba, fayil zai iya zama a NVC muddin ba a bar shekara ta cika ba a tuntuɓe su ba. Akwai ma riba a jinkirin: in aure ya cika shekara biyu ranar da ta shiga Amurka, katin shekara goma za ta samu. In bai cika ba, na shekara biyu ne mai sharaɗi, sai an sake cika fom I-751 na cire sharaɗin cikin kwana 90 na ƙarshe. Yara kuma ba sa bin uwa a rukunin matar ɗan ƙasa. Agola sai an yi masa nasa I-130, kuma sai in an ɗaura auren kafin ya kai 18. 'Ya'yan mijin da aka haifa a waje ƙila ma 'yan ƙasa ne tun haihuwa, in uban ya zauna Amurka shekara biyar kafin a haife su, biyu daga ciki bayan ya wuce 14. Su fasfo za a yi musu, ba biza ba, amma suna cikin ƙirgen mutanen gida.

Alhaji Garba: To na janye "kafin ya fara". Ban janye "sai ya koma" ba. Wanda yake so a ba matarsa kati su ci gaba da zama a Dubai suna leƙa Amurka lokacin hutu, wannan biza ba tasa ba ce.

Hajiya Rabi: Wannan ba mu taɓa musu a kai ba, Alhaji. Bizar yawanci wata shida take yi daga ranar gwajin likita, kuma matar ba za ta riga mijin shiga ba, ko su sauka tare ko ya riga ta. Don haka ranar ajiye aiki da ranar gwajin likita a tsara su tare. Wadda ke zaune a Najeriya kuma ta san Legas za ta je ganawa, ofishin Abuja ba ya yin bizar zama.