Neman shawara: kalmar "foul" ta hana ni sakat a wurin aiki

Sabon Tafinta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin damuwa. Na samu aikin fassara labarai a wani gidan rediyo bayan na daɗe ina zaman jiran aiki, kuma har yanzu a gwaji nake, ba a tabbatar da ni ba. Kawuna ne ya yi mini hanya, ga iyali, ga kuɗin haya ya kusa cika, ba na son in ba shi kunya. An ba ni labarin wani mutum da aka tsinci gawarsa a rijiya, sanarwar ta ce "police ruled out foul play". Na rubuta "'yan sanda sun ce babu mugun wasa". Edita ya dawo mini da takardar, ya ja layi kawai, bai ce komai ba. Alhali a labarin ƙwallo na sa "mugun wasa" ya wuce. Don Allah wace kalma ɗaya zan riƙe in huta?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, babu kalma ɗaya, ka cire wannan a ranka. Asalin "foul" ƙazanta ce da ruɓa, danginsu ɗaya da "filth". Sauran ma'anonin daga nan suka tsiro, don haka kalmar da ke gefenta za ka duba. Da "smell", ɗoyi ne ko wari. Da "language", ashar ko batsa. Da "mood", ransa a ɓace yake. Da "weather", mummunan yanayi. In aikatau ce a kan ruwa ko iska, gurɓatawa ce. "Fall foul of the law" saɓa wa doka ne har hukuma ta waiwayo ka, "cry foul" kuwa kokawa ce cewa an yi maguɗi ko rashin adalci, za ka yi ta cin karo da ita lokacin zaɓe. A bakin ɗan sanda, "foul play" na nufin akwai hannun wani. Jimlarka ita ce: "'yan sanda sun ce ba sa zargin akwai hannun wani a mutuwar."

Tsohon Rafali: Malam ya yi daidai a nan, amma ko na ƙwallon da ya wuce ban yarda da shi ba. Ƙeta ake cewa. Doka ta 12 cikin dokoki 17 na wasan ita ta yi bayaninta: taɗiya, turi, shuri, duka, riƙo. Mataki uku ne. In sakaci ne, bugun tazara kawai, babu kati. In ganganci ne, katin gargaɗi. In ƙarfin ya wuce kima har ya jefa abokin karawa cikin haɗari, jan kati, kuma wannan na ukun shi ake kira "serious foul play" idan a wajen neman ƙwallo aka yi shi. Naushi ko gwabza kai ba a kan ƙwallo ba sunansa daban. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu sharhi da ke kiran kowane busa ƙeta. Satar gida doka ta 11 ce, ba a cuci kowa ba. Haka "foul throw", jifa ce da ba a yi daidai ba, kamar ɗaga ƙafa, sai a miƙa wa ɗaya ɓangaren jifar.

Sabon Tafinta: Na gode Baba. Amma ni a ganina amfani da "mugun wasa" ba laifi ba ne, mai sauraro zai gane. Kuma minti goma ake ba mu kafin labarai, ina zan samu lokacin wannan tantancewar?

Hajiya Mai Jarida: Ɗana, ka sauƙaƙa wa kanka. Inda ka ga 'yan sanda da gawa, sa "kisa". Babu kisa, ko ana zargin kisa. Gajere ne, ya fi shiga kunne. Editocin yanzu ma su ne matsalar, su ja layi su tafi, ba sa koyar da yara.

Malamin Turanci: Hajiya, da girmamawa, wannan zai jefa shi cikin rigima. Ana faɗin "foul play" a gobarar kasuwa, a ɓatan mutum, har a ɓatan kuɗi, inda babu gawa ko ɗaya. 'Yan sanda na zaɓar ta ne don ba su kai ga kiran sunan laifin ba. In ka ce kisa ka riga su yanke hukunci, kuma dangin mamaci na sauraro. "Hannun wani" ya ɗauki duka. Kai kuma ƙanena, "mugun wasa" a kunnen Bahaushe wasan banza ne na yara, kamar tura juna a bakin rijiya. Ka ga a wannan labarin ma sai ya ba da wata ma'ana daban. Sannan ka kiyaye da "fowl", furucinsu ɗaya amma ita kaza ce da danginta.

Hajiya Mai Jarida: Malam, rediyo ba aji ba ne. Jimlarka ta yi tsawo.

Sabon Tafinta: To ni yanzu wanne zan kai masa gobe? Kuma in ya sake jan layi fa, in tambaye shi dalili ko in yi shiru?