Ƙarfin doki ya ƙaru, amma mota ta yi nauyi wajen tashi

MaiJarMota:
Assalamu alaikum. Na sa an canza wa motata kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji) da salansa. Injin mai silinda huɗu ne, ba turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska). Da aka ɗora ta a kan daino (na'urar auna ƙarfin inji), takarda ta nuna ƙarfin doki ya hau. To amma a titi ba haka nake ji ba: in zan tashi daga tsaye sai ta yi nauyi, ba ta farkawa sai allurar juyin inji ta wuce 4,500. Wani ya ce tok ne ya ragu. Ashe ba abu ɗaya ba ne su biyun?

TsohonBakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, motarka lafiyarta ƙalau, abin da ka saka mata ne take yi. Tok shi ne ƙarfin da inji ke murɗa karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) da shi. Ƙarfin doki kuwa lissafi ne: ka ninka tok da yawan juyin inji a minti ɗaya, ka raba da 5,252, in da ma'aunin lb-ft aka auna tok ɗin. Ɗauki tok 200. A juyi 3,000 zai ba ka doki 114, a juyi 6,000 kuma 228. Tok bai motsa ba, doki ya ninka.

Kamshaf ɗin tsere, irin wanda ka saka, yana barin bawul ɗin shigar iska a buɗe ya daɗe. In inji na gudu sosai, hakan na sa silinda ta cika da iska. In yana tafiya a hankali kuwa, fistin kan turo wani ɓangare na iskar ta koma baya kafin bawul ya rufe, sai tok ya faɗi. Wato ka kwashe ƙarfin daga ƙasa ka kai shi sama. Masu sayar da kayan nan lambar ƙololuwa kawai suke nuna wa mutum, ni kuma layin tok na takardar daino daga juyi 2,000 zuwa 4,000 nake fara dubawa, don nan ake tuƙin yau da kullum.

Giya_Shida:
Oga ya gama magana, sai dai kada a manta da giya, domin ita ma tana ninka tok kafin ya isa taya. Honda S2000 ta farko doki 240 gare ta, tok ɗinta 153 kacal, amma injin na kaiwa juyi 9,000. Gajerun giyoyi ne ke riƙe ta a inda take da ƙarfi. Malam, ka riƙa jan giya ta yi nisa kafin ka canza.

MaiJarMota:
Na gode. To in na ƙara turbo fa?

TsohonBakanike:
Ƙaramin turbo zai cike maka ƙasan, babba kuwa sai ya ƙara jinkirin. Amma ka sani tok ne ke cin kuloci da giyabos, shi ke lanƙwasa konrod, ƙarfen da ya haɗa fistin da karanshaf. Kuma kamshaf ɗin nan ba lallai ya dace da turbo ba. Kafin ka sake kashe kuɗi, a fara daidaita kwamfutar injin da sabon kamshaf. An yi maka wannan kuwa?