Musayar waƙa: wa ya taka lakar gulbi ba takalmi?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekaranjiya yaron wajena ya nuna min wani bidiyo a waya, mutanen Koriya ta Kudu ne manya da yara har da tsofaffi masu sanda sun tuɓe takalma suna tafiya kan jan yumɓu cikin lambunan shaƙatawa na unguwanninsu, har akwai wani dutse a garin Dejon da aka shimfiɗa ma hanyar yumɓu kilomita 14 da rabi tun 2006, da mota ake kawo ƙasar a zuba ana yayyafa mata ruwa. Abin ya tsaya min a rai wallahi. Jiya bayan asuba sai na gangara fadamar gulbin Maradi ta hanyar lambuna, ruwa ya ɗan taɓa da dare, na cire sau-cikina na riƙe a hannu. Rabona da in sa tafin ƙafata a lakar nan ya fi shekara 20. Ga abin da ya zo min, amsa-amo "sa" ne, kowa ya ɗora nasa.

Bismillahi da shi na fara,
Mai ba da ruwa a kan karkara,
Asubar jiya ni na gangara,
Na tuɓe takalmi na taka ƙasa.

Laka ta kutsa cikin yatsuna,
Sanyinta ya hau har gwiwoyina,
Ta riƙe dunduniya kamar Innana,
Ran da take min wanka da tausa.

Shekara ashirin ina sau-ciki,
Daga kan babur sai wurin aiki,
Ƙafa ta zama baƙuwa a jiki,
Ta manta hanyar da ke nan kusa.

Na waiwaya ga sawu a jere,
Nawa da na jar akuya tare,
Da na wani tsuntsu da ya bi da dare,
Duk laka ta riƙe, ba wanda ta rasa.

Hajiyar Mokoyo:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikata ta karanto mini waƙarka ina zaune bisa tabarma, na ce maza ta riƙe waya ta rubuta abin da zan hwaɗi. Wurin da ka taka ɗin nan ai nan ne gari na da. Can ƙasa Maradi take kahin ruwan 1945 shi cinye gidaje, sannan anka hau da mutane tudu inda muke yanzu. Innata tana budurwa lokacin, har Allah ya ɗauki ranta in ta ce "gida" to can ƙasa take nuhi.

Ɗana ka taka gidan kakanni,
Nan garin yake tun wancan zamani,
Gulbi ya taso, abin ba magani,
Ya bi ɗaki da rumbu duka ya rusa.

Sunka ɗauki ɗiya sunka hau tudu,
Tukunya bisa kai ana ta gudu,
Ruwan da ya taso daga can kudu,
Shi ya sa Maradi ta koma bisa.

Lakar da ta kama maka dunduniya,
Wataƙila bangon ɗakin amarya,
Ko daɓen da Inna ta bi da tsintsiya,
Taka a hankali, kai da ita ku gaisa.

Mai Zogale:

Hajiya Allah shi ƙara lahiya, kin sa idona ya kawo ruwa. amma yaya Ɗan Bagalam bari in hwaɗa maka gaskiya tsakani da Allah, mu da muke cikin lakar ga kullum muna ban ruwan zogale da albasa da tumatir, tun ina yaro a Jiratawa na koyi aikin ga, ba da daɗi kaɗai munka san ta ba, kai ka zo ta tana sabon wanka ne shi ya sa ta yi maka hwara'a

Kai ka zo ta da sanyin sahiya,
Zo ka gan ta da rana a tsakiya,
Cikin bazara in ta yi zuciya,
Ko ƙwai ka aje mata sai ta gasa.

In ta bushe ka gan ta a tsage,
Ƙayar gawo na nan bakin shinge,
Ƙarangiya ta kama ta dage,
Tsidau na jiran wanda zai yi wasa.

Diddigena hwaso ya raba,
Har ɗinki na yi mai, zo ka duba,
Ba sha'awa ba ce, mun dai saba,
Sayen takalmin ruwa munka kasa.

Duk da haka ita ka ba ni tuwo,
Ita ka ba bisashena kiwo,
Ban yi hushi ba don ta ji min ciwo,
A cikinta zogalena na dasa.

Ɗan Bagalam:

Hajiya na gode, Allah ya jiƙan Inna ya sa ta huta, wallahi ban san kan abin da nake tafiya ba ke nan sai yau. Ƙanena Mai Zogale na karɓa, ni awa ɗaya na yi na wanke ƙafa na hau babur, kai a ciki kake wuni.

Ƙanena na ji, ta shige ni sarai,
Ni na je ne neman sanyin rai,
Kai ko gumi kake zubarwa a kai,
Taka waƙar ta fi tawa nisa.

Ƴar Zariya:

Salam, Inna Hajiya ina gaisuwa, yayyena barkanku da wannan zama mai daɗi. Ni a gidan likita nake aiki kuma rabin aikina wankin gyambo ne, to ba zan iya karantawa in wuce ba. Tafiyar tana da kyau ban musa ba, ƙafa ɗaya ƙashi 26 ne a cikinta da gaɓoɓi 33, an halicce ta don ta lanƙwasa ta bi ƙasa ne, takalmi mai matsewa yana hana ta, ni ma in na tashi aiki abin da nake fara yi ke nan in tuɓe in taka daɓen tsakar gidanmu. Amma don Allah mai ciwon suga kar ya shiga wannan layi. Ciwon yana kashe jijiyoyin tafin ƙafa a hankali, mutum ya taka ƙusa ko kwalba bai ji ba, sai wari ya tona. Na wanke ƙafar wani dattijo da hannuna wata da watanni, ƙaya ɗaya ce tal ta fara, daga ƙarshe yatsu biyu aka cire, har yau ina ganin fuskarsa. Sannan kwantaccen ruwan tabki a bar shi, nan ake kwaso tsargiya, yaro ya dinga fitsarin jini.

Mai ciwon suga ina roƙonka,
Kar ka bi su ka tuɓe takalminka,
Ƙaya kan shiga tafin sawunka,
Ba ka ji ba, har ga ƙashi ta isa.

Wurin bahaya, ko yau ko jibi,
Kar a taka shi a gefen gulbi,
Tsutsa ta fata take shiga, hanji ta bi,
Ta tsotse jini, ƙarfi ya yi ƙasa.

Mushe (malamin makaranta) na Sabon Gari:

Masha Allah, na karanta har sau biyu. Gobe zan karanta ma ƴan ajina baitocin Hajiya, don na tabbata da yawansu sun ɗauka tun fil azal nan bisa garin yake, ga su kullum suna kallon fadama daga nesa kamar ƙasar wasu. Maganar ƙanwata Ƴar Zariya ita ce ta kawo ni. Na nemi bidiyoyin na gani, mutanen can ba tuɓe takalmi kawai suka yi ba, hanyar a share take tas, ga famfo a bakinta na wanke ƙafa. Tamu fa? na bi ta watan jiya, leda ce baƙa ta naɗe kowace ƙaya, ga fasassun kwalabe ga gwangwanin tumatir mai tsatsa, wanda ruwa ya kwaso daga kwatocinmu na cikin gari ya kai musu can, mu ne muka aika ba wasu ba.

Su can da mota suke kawo ta,
Su share su yayyafa su tattala ta,
Mu Allah ya shimfiɗa mana ita kyauta,
Muka zuba mata kwalaben da aka fasa.

Ku kawo tsintsiya da manjagara,
Daga bakin lambu mu fara shara,
Taki ɗari biyar ma in mun gyara,
Tsoho da jika sa bi su ƙarasa.

Mai Zogale:

Mushe in da gaske kuke to ku zo ta wajena, hanyar da ta bi bayan shingena laka ce zalla ba rairayi, zan yi magana da maƙwabtan lambu don kar su ga taro su ɗauka wani abu ne. rijiya na nan da guga kowa shi wanke ƙahwa, amma a zo da buhunna na kwasar leda kuma kar yara su shiga kwamin albasa don Allah. malama Ƴar Zariya ki taho da abin duba hwaso na ga, ya hwara yi mini ruwa

Ƴar Zariya:

In sha Allah yaya, zan zo da kayan wanki da bandeji, kafin nan kar ka ƙara ɗinke shi da zare, ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta ka rufe.

Hajiyar Mokoyo:

Allah shi yi muku albarka ɗiyana. Ni ba ni da suga, an auna ni, gwiwa ce kaɗai.

In kun share ku turo adaidaita,
Jikata ta kama ni mu gangara da ita,
In tuɓe sosona a ƙohwar Innata,
In yi sallama ko ba mai amsa.

Ɗan Bagalam:

Hajiya ni da kaina zan zo da adaidaitar. Ran Asabar bayan asuba shara, Mushe da yaransa su same mu bakin lambun Mai Zogale, ni zan kawo buhunna 10 da manjagara 2. Lahadi da safe kafin rana ta ɗaga sai mu zo Mokoyo mu ɗauke ki, a ce ma jika ta taho da kujera ƴar tsugunno.