Neman shawara kan atisayen lissafi da tunani na jarabawar GMAT

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani banki a Kano, kuma ina son neman gurbin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato MBA, a makarantar da ke neman sakamakon GMAT, jarabawar shiga makarantun nazarin kasuwanci. Rabona da lissafi tun shekarar farko ta jami'a. Idan na zauna babu agogo nakan warware yawancin tambayoyi daidai, amma da zarar na ɗauki jarabawar gwaji sai lokaci ya ƙare mini ban kai ƙarshen sashen ba. Waɗanda suka fi ɗaure mini kai su ne tambayoyin da ake ba da bayani biyu a ce mutum ya faɗi ko sun isa a samu amsa. Shin in koma littattafan sakandare daga tushe, ko in haddace ƙa'idoji, ko akwai hanyar da ta fi waɗannan? Allah Ya saka da alheri.

Wani malamin lissafi:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tunda kina samun amsa daidai idan babu agogo, ba ilimin lissafin ne ya yi miki ƙaranci ba, don haka komawa littattafan sakandare shafi bayan shafi zai ci miki watanni a banza. A tsarin GMAT da aka fara a ƙarshen 2023, sashen lissafi yana da tambayoyi 21 cikin minti 45, ba a yarda da kalkuleta a cikinsa ba, kuma an cire lissafin siffofi da kusurwoyi. Abin da ya rage shi ne lissafin adadi da aljabara: kashi cikin ɗari, rabo, matsakaici, gudu da nisa, da ɗabi'un lambobi. Kowace tambaya tana da ɗan abin da ya haura minti biyu, wanda ke nufin ana son ki gano gajeriyar hanya tun kafin ki ɗora biro a takarda.

Ga misali. Mota ta tafi da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo da gudun 40, mene ne matsakaicin gudunta? Mai gaggawa zai ce 50, mai son ƙa'ida kuma zai ɓata lokaci yana jera haruffa. Ke kuwa ki zaɓi nisan da zai rabu da lambobin biyu, a ce kilomita 240: tafiya awa 4, dawowa awa 6, jimilla kilomita 480 cikin awa 10, amsa 48. Haka nan idan an ƙara wa farashi kashi 20 cikin ɗari sannan aka rage kashi 20, ki fara da 100, ya zama 120, ya sauko 96. Wannan dabarar ta sanya lamba mai sauƙi a gurbin harafi, da kuma gwada zaɓin amsoshi a cikin tambayar, su ya kamata ki riƙa yi har su zame miki jiki.

Wata da ta rubuta jarabawar:

'Yar'uwa, na yarda da Malam, sai dai tambayoyin da suka dame ki ba sa cikin sashen lissafi yanzu. An mayar da su sashen nazarin bayanai, mai tambayoyi 20 cikin minti 45, inda akwai kalkuleta a allon kwamfuta, tare da jadawali da zane-zanen alƙaluma. A irin tambayar nan ba a neman ki fitar da amsa, ana neman ki yanke hukunci ko bayanin da aka bayar ya isa. A ce an tambaya, shin x ya fi sifili? Bayani na farko ya ce x sau x ya ba da 16, na biyu ya ce x sau x sau x ya ba da 64. Na farko bai isa ba, domin x zai iya zama 4 ko kuma 4 na ƙasa da sifili. Na biyu shi kaɗai ya isa, domin 4 ce kawai za ta ba da hakan. Yawancin kuskure yana zuwa ne daga abu biyu: mutum ya manta da sifili da lambobin ƙasa da shi da gutsuren lamba, ko kuma ya ɗauko abin da ya karanta a bayani na farko ya shiga da shi na biyu, alhali dole a auna kowanne shi kaɗai tukuna.

Shawarata ita ce ki buɗe littafin kurakurai. Duk tambayar da kika faɗi, ko kika ci amma ta ɗauke ki fiye da minti uku, ki rubuta dalili: rashin sanin ƙa'ida, rashin karanta tambaya da kyau, ko bin doguwar hanya. Tambaya goma da aka yi wa irin wannan bita sun fi hamsin da aka wuce su da gudu. Hukumar GMAC mai shirya jarabawar tana ba da jarabawar gwaji guda biyu kyauta, kada ki ƙone su a mako ɗaya.

Wani ma'aikacin kamfani:

Kada a bar sashen karatu da tunani a baya, mai tambayoyi 23, domin sassan uku nauyinsu ɗaya a jimillar maki, wadda ke tsakanin 205 da 805. Za a ce kamfani ya buɗe sabon reshe, ciniki ya ƙaru, saboda haka reshen ne sanadi, sannan a tambayi abin da zai raunana wannan hujja. Ma'aikaciyar banki ta san cewa idan watan ya zo daidai da hidimar sallah, ciniki zai ƙaru ko da reshe ko babu. Ki saba da raba abin da aka kafa hujja da shi daga abin da aka yanke, sannan ki nemi zaton da ya haɗa su wanda ba a furta ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. Malam, idan tambaya ta ƙi warwaruwa kuma lokaci yana tafiya, in tsaya a kanta ko in yi canke?

Malamin lissafi:

Ki cire zaɓin da kika tabbata ba daidai ba ne, ki zaɓi ɗaya daga sauran, ki sa wa tambayar alama, ki wuce. Jarabawar tana sauya wahalar tambaya gwargwadon amsoshinki, saboda haka haɗuwa da mai tsauri ba alamar faɗuwa ba ce, kuma ana rage maki ga wanda ya bar tambayoyi babu amsa. Idan kin gama da sauran lokaci, an yarda ki duba baya ki sauya amsa har guda uku a kowane sashe. A wurin atisaye ki riƙa duba agogo bayan kowace tambaya bakwai, ki tabbata ba ki wuce minti 15 ba.