Me za mu kira birkin da ke yi wa batir caji?

1/ Duk inda aka yi zancen kuɗin sabis na motar lantarki sai an ambaci abin da Bature ke kira regenerative braking. Mu ma lokaci ya yi da za mu raɗa masa suna, tunda tun 2020 aka fara harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas.

2/ Ga yadda yake aiki. Da ka ɗaga ƙafa daga kan totur, injin lantarkin da ke juya tayoyi sai ya koma janareta. Yanzu tayoyin ne ke juya shi, motar tana rage gudu, wutar da ya samar tana komawa batir. Wanda ya hau keke mai dainamo ya san yadda feda ke ƙara nauyi idan aka jingina shi da taya. To, wannan nauyin shi ne birkin.

3/ Nan kuɗi ya shigo. Motar ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Takalmin birki ma yana daɗewa bai cinye ba, domin ba kasafai yake kama faifai ba. Sai dai rashin aikin na sa faifan ya yi tsatsa, har birkin ya riƙa cijewa, ka biya bakanike ya kwance ya wanke ya sa man shafawa. Yana daga cikin dalilan da Volkswagen ta sa wa motocinta masu lantarki ID.3 da ID.4 birkin ganga irin na da a tayoyin baya. Taya kuwa ta fi saurin cinyewa saboda nauyin batir.

4/ Wasu sun ce "birki mai sabunta makamashi". Daidai ne, amma Hausar labaran ƙarfe bakwai ce, ba mai faɗinta a gareji.

5/ "Birkin lantarki" zai rikice da birkin hannu na maɓalli, wanda motocin fetur ma suna da shi. "Birkin caji" kuma, mai ji zai ɗauka shi birkin ake yi wa caji.

6/ Ni dai na tsaya a kan "birkin maido-caji", a gajarce "maido-caji", ginin dafa-duka da tuma-ƙasa. Sunan da kansa yana koyar da direba: idan batir ya cika fal, babu inda za a maido cajin, don haka motar ba za ta riƙe kanta a gangara yadda ta saba ba, sai ka taka birkin ƙafa.

7/ Ku gwada shi a baki: "Malam, maido-cajin motar nan ya yi sanyi, a duba min." Mutanen Maradi da Damagaram, ku da kuke jin sunan da Faransanci, ya zauna muku a harshe ko kuna da wanda ya fi shi?